Kefas a Rumfar Sanƙarau

"Ku sauke shi, na ce! Wannan ba naku ba ne."

Rabe baduku ne yake ta wannan ihu a bayan motar duba-gari, da basilla a hannunsa, don da ya zabura daga rumfarsa bai tuna ya ajiye ta ba. Leburori huɗu sun ɗauko maƙwabcinsa, Kefas masinja, a kan ƙyauren ɗakinsa. Gadon ɗaukar marasa lafiya da suka zo da shi ya yi masa kaɗan, sai suka ɓalle ƙyauren suka shimfiɗe shi a kai. Duk da haka ƙafafunsa sun zarce, suna lilo.

Duba-garin saurayi ne, ya ɗaure hanci da baki da hankici. Bai ko juyo ba.

"Malam, matsa ka ba mu hanya."

"Ina za ku kai shi?"

"Inda ake kai masu sanƙarau. Na ce ya taɓa ƙirjinsa da haɓa, ya kasa. Ga amai, ga jiki da zafi, ga shi ba ya son haske. Me ya rage?"

"Ƙafarsa ta rage. Ka duba ƙafarsa?"

Sai a nan duba-gari ya juyo, ya dubi Rabe daga hula har ƙasa. Ɗaya daga cikin leburorin ya tuntsire da dariya har ƙyauren ya karkace, Kefas ya yi wani nishi mai kauri kamar na bijimi.

"Wuya aka aiko ni in duba," in ji duba-gari. "Ranar da aka buɗe ofishin ƙafa zan aiko a kira ka."

Ladi, matar Kefas, ta fito da gudu da kwano da bargo, ta kama ƙarfen motar za ta hau. Aka karɓi bargon, ita kuma aka ɓamɓare hannunta. Mota ta tashi ta bar ta tsaye a tsakiyar layi da kwanon, ɗakin nata a buɗe ba ƙyaure.

Wannan a bazarar 1957 ne, ranar wata Litinin da hantsi. Sanƙarau ya shigo gari tun kafin zafi ya kankama, a Unguwar Shanu kaɗai ya kwashi mutum tara cikin mako biyu. An kafa rumfunan zana can bayan Kawo inda gari ya ƙare, aka kewaye su da waya mai ƙaya. Wanda aka shigar, nasa sai dai su tsaya a waje su miƙa abinci. Wanda ya mutu a ciki kuwa leburori ne ke rufe shi, ba mai zama a kansa, ba mai yi masa addu'a, Musulmi ne ko Kirista. Tun kafin motar ta sha kwana Rabe ya ƙudura a ransa sai ya fito da Kefas daga bayan wayar nan, a kai shi gaban wanda zai dube shi da kyau, matarsa na kusa da shi.

Dalilinsa kuwa yana naɗe a cikin jinkar rumfarsa.

Kefas masinja ne a wani ofishi a Sakateriya, aikinsa yawo da takardu a kan keke. Shekara bakwai da suka wuce ya zo wa Rabe da ƙorafi cewa takalmin da ake ba masinjoji daga sito ya matse shi, kuma shi ne mafi girma da suke da shi. Rabe ya sa ya taka takardar buhun siminti, ya zagaye ƙafar da fensir, ya ɗinka masa sabo. Da Kirsimeti ya zagayo ya sake dawowa, wai wannan ma ya matse. Rabe ya ji haushi, don shi bai taɓa ɗinka takalmin da ya tsuke ba. Ya sake aunawa, ya ɗora sabuwar takarda a kan tsohuwa ya ɗaga su ga rana. Sabuwar ta leƙo ta ko'ina da faɗin ƙwayar gero biyu.

"Kefas, kai fa girma kake yi."

"To laifi ne?"

"Mutum mai shekara kusan arba'in ba ya girma."

"Tuwon Ladi ne, maƙwabci. Ka ce wa matarka Hansai ta zo a koya mata."

Haka aka yi ta yi kowace shekara, takarda a kan takarda. Kuma ba ƙafa kaɗai ba. Zoben aurensa sai da maƙeri ya yanke shi. Haɓarsa ta turo gaba, haƙoransa suka rarrabu kamar shingen da awaki suka saba ratsawa. Muryarsa ta yi ta nutsewa har aka mayar da shi layin ƙarshe a cikin mawaƙan coci, don in ya buɗe baki ba a jin kowa. Daga baya ya fara bugun bakin ƙofa da kafaɗa, sau biyu yana taka akuya da keke yana rantsuwa bai gan ta ta gefe ba. Ciwon kai kuma a bayan idanu, shekara uku yana fama. Mutanen unguwa da ke ganinsa kullum ba su lura da komai ba. Sun dai ce Kefas ya yi jiki.

A safiyar Litinin ɗin nan ya sunkuya yana ba kekensa iska, lafiyarsa lau, yana ma yi wa Rabe tsiya ta kan katanga. Sai ya saki famfon ya kama kansa da hannu biyu, ya ce an sare shi da gatari. Rabe ya ga sanƙarau da idonsa, ciwon ne ya kashe ƙanensa a ƙauyensu. Bai san boko ba, amma ransa ya ba shi cewa abin da ke sa babban mutum girma shekara bakwai, shi ne ya tashi masa yau.

Matsalar ita ce maganar Rabe ba ta da nauyi a unguwar. Yana da wani gwangwani da yake tara abubuwa a ciki: dutsen da ya ce daga sama ya faɗo, da ƙwan kaza mai kama da gora, da busasshen ƙadangare mai wutsiya biyu. Kowa ya taɓa faɗawa hannunsa an nuna masa.

"Malam, ina kuma za ka da takardun siminti?" in ji Hansai matarsa, da ta gan shi washegari yana zaro su daga jinka.

"Wurin likita."

"Ka haɗa masa da ƙadangaren mana, kada ya ce an yi masa rowa."

"Hansai, mutum na can yana mutuwa."

"Na sani. Shi ya sa nake so ka yi magana irin ta mutane. In ka fara da ƙafa, korar ka za su yi."

Ya hau keken Kefas, wanda sirdinsa ya yi masa tsawo har sai da ya riƙa tuƙi da kan yatsu. Ya tarar Ladi ta riga shi, tana zaune da wasu mata a gindin wata ɗorawa, kowace da kwanonta a gaba. Ta gano wata kafa a jikin zana inda in ta durƙusa a bakin waya takan hango shi a kan tabarma.

"Yaya ya kwana, Uwar Markus?" Markus shi ne ɗansu guda, yana makaranta a Zariya.

"Malam, idonsa na dama ya rufe. Ba barci ba ne, fatar ce ta faɗo, ya kasa ɗaga ta. In na kira shi yana amsawa."

Disfensan da ke kula da wurin, wato mai ba da magani, sunansa Malam Balarabe. Mako biyu bai kwana a gidansa ba, idanunsa sun yi ja, farar rigarsa ta koma ruwan ƙasa. Rabe ya tare shi a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, magana ɗaya."

"Wa kake da shi a ciki?"

"Kefas masinja. Dogon nan."

"Yana shan ƙwaya kamar kowa."

"Yana amayar da ita," in ji Ladi. "Ina gani."

"Za a sake ba shi."

Rabe ya tuna da gargaɗin Hansai. Ya yi niyyar ya fara da ciwon kai, da gatari, da akuya. Amma hannunsa ya riga bakinsa, ya warware takardun.

"Ka dubi wannan. Ƙafarsa ce, ta shekarar farko. Wannan kuma..."

"Malam, ba na sayen takalmi."

"Ba sayarwa nake yi ba!"

"Ina da mutum sittin da uku a kwance, ni kaɗai da lebura huɗu. Ka zo mini da zanen ƙafa?" Ya ja ƙofar waya ya rufe.

Ranar Laraba, yara biyu da aka kawo a mota ɗaya da Kefas sun tashi zaune suna shan kunu. Farar ƙwayar nan da ake ce wa emambi tana aiki a kan sanƙarau in an samu mutum da wuri, kowa ya shaida. Kefas kuwa sai ƙara nutsewa yake yi. Ladi ta kira shi sau uku kafin ya motsa hannu. Leburan da ya fito da kwanonta ya ce jikinsa ya yi sanyi, yana ta gumi.

Rabe ya zauna a bakin ƙofa cikin rana ya ƙi tashi, har Malam Balarabe ya fito shan iska ya kusa yin tuntuɓe da shi.

"Kai ne kuma?"

"Ni ne. Me ya sa kowa ke tashi ban da shi?"

Malam Balarabe ya goge wuya. Gajiya ce ta sa shi magana, ba son Rabe ba.

"Mun ɗebi ruwan bayansa da allura. Na mai sanƙarau fari ne kamar ruwan wankin shinkafa. Nasa ja-ja ne. Na aika gari aka duba a madubi, ba a ga ƙwayar cuta ba."

"To!"

"To me? Wataƙila allurar ce ta taɓa jijiya. Yakan faru."

"Wataƙila kuma ba sanƙarau ba ne."

"Katinsa ya ce sanƙarau. Ba ni na rubuta ba, ba ni da ikon gogewa. Likita kaɗai ke fitar da mutum daga nan."

"Ina likitan?"

"Yana zuwa Alhamis."

"Alhamis! Shi ciwon an gaya masa ya jira Alhamis?"

"Malam, sansani huɗu ne a kan likita ɗaya. In kana da wani a cikin jakarka, fito mana da shi."

Rabe ya koma gida yana magana shi kaɗai a kan keke, har wata mai tallan fura ta kauce masa.

Ranar Alhamis da hantsi motar likita ta iso. Bature ne dattijo, siriri, wuyansa ja kamar an dafa. Ya shiga da sauri, ya zagaya rumfunan, Malam Balarabe na biye da shi da katuna. Rabe ya yi ta kira daga bakin waya, "Likita! Likita!" amma mata ashirin ma abin da suke kira ke nan. Ta kafar zana Ladi ta ga ya tsaya a kan Kefas, ya ɗaga wuyansa, ya karanta kati, ya ce wani abu, ya wuce. Rumfar da duhu, kuma an lulluɓe Kefas da bargo har haɓa.

"Ya wuce shi, Malam," ta ce. "Ya wuce."

Hanyar fita guda ɗaya ce, 'yar siririya tsakanin gonaki. Rabe ya ruga can, ya shimfiɗa takardunsa bakwai a jere daga wannan gefe zuwa wancan, ya danne kowace da dutse, ya tsuguna a bayansu. Mota ta taho. Direba ya yi ham, ya sake yi, ya leƙo.

"Kai mahaukaci! Kwashe tsummokaranka!"

"Taka su, ka haɗa da ni."

Likita ya buɗe ƙofa ya fito, da alamar zai yi faɗa. Sai idonsa ya faɗa kan takardun. Ya bi su da kallo daga ta farko har ta ƙarshe. Yana jin Hausa irin tasu ta littafi, kowace kalma a tsaye ita kaɗai.

"Ƙafar mutum nawa ce wannan?"

"Mutum ɗaya, ranka ya daɗe."

"Yaro?"

"Shekararsa arba'in da biyar. Wannan ta farko ce. Wannan ta shekarar da na yi wa rumfata sabuwar jinka. Wannan ta Kirsimetin da ya wuce."

Likita ya sunkuya ya ɗauki ta farko da ta ƙarshe, ya haɗa su, ya ɗaga ga rana. Cikin shekara bakwai ba wanda ya taɓa yin haka sai Rabe da kansa.

"Ina mutumin?"

"Yanzu ka wuce shi. Yana ciki, an rubuta masa sanƙarau."

Suka koma. Wannan karon likita ya sa aka fito da Kefas bakin rumfa inda haske yake, aka yaye bargon. Ya ɗora hannunsa a kan na Kefas, nasa ya ɓace a ciki kamar na jariri. Ya buɗe masa baki ya dubi haƙora da harshe. Ya ɗaga fatar idon da ta faɗo ya haska. Ya ɗaura masa wani ƙyalle a damtse ya hura, ya dubi agogon da ke jiki, ya faɗi wata kalma da Turanci wadda ta sa Malam Balarabe ya sunkuyar da kai. Sannan ya zo bakin waya wurin Ladi.

"Yaya ya fara? Sannu sannu?"

"Nan take, ranka ya daɗe. Yana ba keke iska."

"Zazzaɓi ya fara zuwa, ko ciwon kai?"

"Ciwon kai. Zafin jiki sai daga baya."

"Wani ya tambaye ki wannan?"

"Ba wanda ya tambaye ni komai."

Likita ya karɓi katin ya ja layi a kan abin da aka rubuta. Ya yi bayani, Malam Balarabe na ƙarasa masa inda Hausarsa ta gaza. Ya ce a bayan idanun kowane mutum, a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, akwai wani ɗan abu da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Shi ke ba jiki umarni, ya ce girma ko ya ce tsaya, shi ke riƙe ƙarfin jini in wahala ta zo. Na Kefas ya daɗe yana kumbura, shi ya sa yake ta girma, shi ya danne masa gani ta gefe. Ranar Litinin jini ya fashe a cikinsa, ya zubo cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, wuya ya sandare kamar na mai sanƙarau. Yanzu abin ya daina ba da umarni, shi ya sa jikin ke sanyi. Emambi ba ta da aiki a nan. Akwai wani magani da ake kira kotizon, yana da kaɗan a babban asibiti, kuma kowace sa'a da ta wuce asara ce.

"Ƙwayar gyaɗa," in ji Rabe a hankali. Ko a wannan hali sai da ya ji yana son ya gan ta.

Aka ce a ɗauke shi. Sai aka tarar motar duba-gari ta tafi Unguwar Kanawa ɗauko wasu. Likita ya ce a sa shi a tasa. Direba ya fito ya tsaya nesa.

"Ranka ya daɗe, ina da 'ya'ya. Ba na ɗaukar mai sanƙarau."

"Ba sanƙarau ba ne!" Rabe da likita suka faɗa tare.

"Daga ina aka fito da shi?"

Likita ya karɓi makulli ya tuƙa da kansa. Aka kwantar da Kefas a baya, kansa a kan cinyar Ladi, ƙafafunsa ta taga. Direba ya bi su a ƙasa, Rabe ya wuce shi a kan keke.

A asibiti ma ba a tsira ba. Labari ya riga su shiga ɗakin maza cewa an kawo mutum daga bayan Kawo. Kafin a gama shigo da shi, masu karaya da masu gyambo sun fara naɗe tabarmi suna neman ƙofa, wani tsoho da aka yi wa aiki jiya yana jan jiki da gwiwa. Likita ya yi ta faɗa, ya nuna musu katin da layin da ya ja. Wani ya ce shi bai iya karatu ba, amma ya iya ganin sandararren wuya. A ƙarshe aka fito da gado baranda, wajen wani mangwaro, aka haɗa da benci don ƙafafu.

Rabe ya dafa ginshiƙi yana huci. Kwana huɗu yana faɗin magana ɗaya, ga shi Bature ma ya faɗe ta an ƙi ji.

Aka yi wa Kefas allurar kotizon, aka rataya masa ruwan gishiri. Da yamma aka tura shi aka ɗauki hoton kansa, likita ya kira Rabe ya ɗaga hoton ga taga. Ya nuna masa wani ɗan gurbi a tsakiyar ƙashi, ya ce a kan kowa kamar bakin cokali yake. Na Kefas ya buɗe kamar ludayi.

"Za a iya cire shi?"

"Akwai masu yi, can Kudu. Ba zai kai ba, ko a jirgin ƙasa."

"Da ranar Litinin aka kawo maka shi fa?"

Likita ya daɗe yana kallon hoton.

"Wataƙila. Ban sani ba. Da ya fi yau."

Rabe ya so a ce masa e ko a'a, ya san inda zai ajiye haushinsa. Bai samu ba.

Ranar Juma'a da safe ya iso ya tarar da abin mamaki. Kefas ya farfaɗo, jikinsa ya yi ɗumi, har ya sha kunu cokali biyar. Sai dai ɗaya idon ma ya rufe, fatar ta faɗo kamar ta ɗan'uwansa. Ladi na zaune a bakin gadon, ta kwana a nan, ba wanda ya hana ta.

"Wa ke jan takalmi haka?" in ji Kefas. Muryar na nan da kaurinta, sai dai ta yi nisa. "Maƙwabci ne. Baduku da ba ya gyara nasa."

"Ni ne, sarkin girma. Yaya jiki?"

"An ce ka tare motar Bature."

"Na tare."

"Da ƙafata."

"Da ƙafarka."

Kefas ya yi dariya, gadon ya girgiza, ya tsaya don kansa. "Shekara bakwai kana neman wanda zai yarda ni abin kallo ne. Ka samu. Kada dai ka sa ni a gwangwani."

"Ba za ka shiga ba."

"Ladi, ina ne nan? Ina jin iska."

"Baranda ce, a asibiti. Ga mangwaro a gabanka."

"Ba waya?"

"Ba waya."

Ya lalubo hannunta ya riƙe. An aika wa Markus, ana sa ran zai iso Asabar. Rabe ya tafi masallaci da zuciya sakayau, har ya tsaya a hanya ya gaya wa mutum biyu labarin ƙwayar gyaɗa, ba su tambaye shi ba.

Da ya dawo bayan la'asar ya tarar likita na barin bakin gadon. Suka haɗa ido, likita ya girgiza kai kaɗan ya wuce. Ciwon kan ya dawo da azahar, jinin ya sake fashewa. An ƙara allura, ba ta riƙe ba. Numfashin Kefas ya koma dogo, da tazara a tsakani.

Rabe ya tsaya a ƙarshen gado. Duk faɗan da ya tanada, na duba-gari da na disfensa da na direba, ya neme shi ya rasa.

Leɓɓan Kefas suka motsa. Ladi ta sunkuya.

"Buɗe mini."

Ta sa ɗan yatsa ta ɗaga masa fatar idon hagu a hankali. Ƙwayar idon ta yi yawo kafin ta tsaya.

"Maƙwabci, kauce. Ka tare haske."

Rabe ya matsa gefe. Rana ta sauko ta ƙarƙashin mangwaron ta faɗa kan gadon. Kefas ya dubi matarsa. Da hannunta ya gaji ta canza ɗaya, ba ta bari idon ya rufe ba.

Wata ma'aikaciya ta wuce da bokiti. A ɗakin maza wani yana kiran a kawo masa ruwa. Rabe na kallon bargon da ke kan ƙirjin Kefas yana hawa yana sauka, har ya hau ya sauka bai sake hawa ba. Ya jira. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga ta riga shi sani.

Ta ci gaba da riƙewa na ɗan lokaci. Sannan ta janye yatsanta, fatar idon ta sauko a hankali ita kaɗai.